Ƙaho Shida a Bayan Abdulmajid

Duk wanda ya san Murjanatu ta Abare, can ƙasar Anka, ya san mace ce da hannunta bai iya hutawa ba. In ba tana suyar ƙuli-ƙuli ba, tana matsar man gyaɗa. In aka ce wani abu ya lalace a gidan maƙwabta, kafin a rufe baki ta ja mayafi ta tafi gyara. Kowa na yabonta a kan haka. Amma wallahi wannan halin ne ya cuce ta, har sau biyu.

Na farko a shekarun da zinari ya haukata ƙauyukan nan ne. Mijinta, Malam Haris, makarantar allo yake koyarwa, abin da ke shigo masa bai taka kara ya karya ba. Maza na kawo dutse daga rami a buhu, mata na dakawa a cikin gida. Murjanatu kuwa ta fi kowa sauri. Tana daka, ƙura na tashi, 'ya'yanta uku na wasa a gindin turmi. Wa ya san akwai gubar dalma a cikin dutsen? Cikin wata biyu aka binne mata Amira da Firdausi. Na tsakiyarsu, Abdulmajid, ɗan shekara uku, shi ma ya fara jijjiga, sai Allah ya kawo likitocin waje suka kwashe shi zuwa asibitin Anka. Ya sha magani makonni, ya tashi, aka sallame su da wani kati mai lambobin gwajin jininsa.

Aka kankare ƙasar gidan aka zuba sabuwa. Aka koya musu cewa duk wanda ya taɓa dutsen rami, ya yi wanka ya sake kaya kafin ya shigo gida. Murjanatu ta ce ita ba ta da buƙatar wannan darasi, don ta yi rantsuwa jininta ba zai sake taɓa dutsen nan ba. Ta fasa turmin, ta jefa katin a ƙasan kwalla ta rufe.

Malam Haris ya rasu, yaro ya girma ya gama sakandare a Anka, dogo sambal, kamar ba shi ne ya taɓa kwanciya ba. To, sai me? Gonar nesa ta gagara saboda 'yan bindiga, sa'o'insa duk suna rami. Wata rana ya zauna gabanta ya ce, "Inna, abu biyu ne ya rage mini. Ko soja, ko rami."

Ba wai tana son soja ba ne, wace uwa ce ba ta jin labarin waɗanda ake kashewa a daji? Amma harsashi yana iya kuskure, ramin nan kuwa ta san abin da ya ci mata. Ta ce ya je ya cike fom ɗin, Allah ya tsare.

Ya cike a shagon kwamfuta a Anka, ya kama gudu kullum bayan sallar asuba. Da sunansa ya fito, aka ce tantancewa a Gusau nan da kwana goma, ya dawo baki har kunne yana ba ta labarin abin da ake dubawa: tsawo, ido, haƙori, tafin ƙafa, sannan a ɗebi jini.

Jini!

Daga ranar Murjanatu ta rasa sukuni. Ita da ta shekara ashirin tana suya, sai ga ta tana ƙona ƙuli. Ta ciro katin ta juya gaba ta juya baya, ba ta iya karanta komai a jiki ba. In Abdulmajid ya manta inda ya ajiye hula, sai gabanta ya faɗi, ta ce dalma ce. Takan laɓaɓa ta bayansa ta kira shi a hankali, don ta ji ko kunnen na aiki. Ga maƙwabciya ta ƙara mata, wai dalma ba ta barin jiki, a ƙashi take laɓewa. Asibitin Anka na nan, kabu-kabu ɗaya ne zai kai ta ta tambaya. Ta ƙi. Wai kada a rubuta sunan yaron a kwamfuta sojoji su gani.

Maimakon asibiti, sai ta nufi gidan Labbo wanzami, dattijon da ya yi wa yaron askin suna.

"Malam Labbo, ƙaho nika so a yi ma Majidu, a zuƙe mugun jinin nan kahin su gani."

"Murjanatu, ƙaho na fidda mataccen jini, wannan na sani. Amma dalma? Ban taɓa ganinta cikin ƙahona ba. Ki bari ya dawo daga Gusau mana."

Ina! Murjanatu ce za ta bari? Shi ma Abdulmajid ya ce lafiyarsa ƙalau, ba ya so. Sai ta fashe da kuka, ta ce biyu sun tafi a hannunta, shi kaɗai ya rage, ya bar ta ta yi abin da za ta iya. Yaro mai ladabi, ya tuɓe riga ya ba da baya. Labbo ya kafa ƙaho shida, ya tsattsaga da aska, ya zuƙo jini baƙi ƙirin ya juye a ƙasa. Murjanatu ta dubi jinin ta yi ajiyar zuciya, ranar ta ci tuwo har da ƙari.

Saura kwana huɗu tafiya. Abdulmajid bai fasa gudu ba, gumi na shiga, riga na gogawa. Wuri biyu suka kumbura suka ɗuri ruwa. Ta shafa masa man shanu, ta ce kafin Gusau sun bushe.

Da ya tafi, kwana biyu wayarta ba ta bar hannunta ba. Ba kira. A rana ta uku da azahar ta ji babur ya tsaya a ƙofar gida, Abdulmajid ya shigo da jakarsa, ya gaishe ta, ya nemi ruwa ya sha. Ba sai ta tambaya ba, fuskar ta gaya mata.

Ya ce gudu kam shi ne na uku a rukuninsu, tsawo ma ya wuce yadda ake so. Sai aka jera su aka ce kowa ya tuɓe riga. Likitan soja ya zagayo ta bayansa, ya tsaya, ya danna wurin da yatsa, ruwa ya fito. Ya ce ba a kai mai ɗanyen rauni filin horo, ya je ya warke ya sake nema baɗi.

"To, jinin fa?" in ji Murjanatu. "Mi sunka gani cikin jinin?"

"Inna, ba a ma kai ga jini ba."

Innalillahi. Ta zauna a bakin murhu, ta rasa inda za ta sa hannuwanta. Da ya yi mata faɗa ma da ta ji sauƙi. Bai yi ba. Ya juya mata baya ya ce ta duba ko ciwon ya fara kamewa, ta duba, ta ƙirga su shida da ido, ta kasa taɓawa.

Yana mayar da riga ya ce, "Baɗi da nisa, Inna. Jatau abokina ya ce akwai wuri a raminsu. Zan riƙa zuwa kafin lokacin."

Ta buɗe baki za ta tuna masa rantsuwarta, sai ta ga da wane bakin?

Washegari bai fita gudu ba, ya bi Jatau. Murjanatu ba ta ɗora kasko ba ranar. Da la'asar ta gabato, ta cika bokiti da ruwa, ta ɗauki sabulu da wankakkiyar riga, ta kai ƙofar zaure ta ajiye, yadda likitocin suka koyar shekara goma sha biyar da suka wuce. Sannan ta dawo ta zauna tana sauraren takunsa.