Yadda Hedimasta Ya Samu Wuri a Benci

Ranar da Hedimasta ya kayar da ni, kofin shayi ne a hannuna, bakina kuma cike da labarin da ban kai ƙarshensa ba. Ina wannan bakin benci, yana wancan. Sai kawai ya miƙe. Benci ya ɗaga ƙafa sama, na ji ni a ƙasa, shayi ya bi wandona har cikin takalmi. Ni da ake kira Rediyo don ba na rasa ta cewa, ranar batir ya mutu.

Bari in faɗa muku halin bencin nan. Shagon kafintoci ne, mu biyar. Muna yi wa mutane gadaje da kujerun da ba sa ko motsi, amma namu abin zaman dogon katako ne da ƙafafunsa suka matso tsakiya. Idan biyu suka zauna baki da baki, ɗaya ya tashi ba sanarwa, ɗayan sai ƙasa. 'Yan ƙusoshi kaɗan za su gyara shi, amma babu wanda ya taɓa kawo maganar. A shagon nan mutum bai zama namu ba sai an kayar da shi, an yi masa dariya, an laƙaba masa suna. Maigida, mai shagon da kansa, ya faɗi. Mai Fenti ya taɓa faɗuwa da gwangwanin fenti a hannu, ya yini shuɗi. Guntu ne kawai ba ya jin zafi, don dama ba shi da nisa da ƙasa.

Shi Hedimasta, ƙarfinsa duk a makarantar firamare ta unguwa ya ƙare. Uku a cikinmu mun ɗanɗani bulalarsa. Dogo ne siriri, har yau yana tafiya kamar mai duba farcen ɗalibai a layi. Ya yi ritaya, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna aiki a nesa, sai dai su kira su ce, “Baba, ka sha magani?” Kullum da safe ya goge takalmi, ya ɗaura agogo, sannan ya zauna a falo yana sauraren ƙugin firij. Mutumin da ya ƙare rayuwa yana cewa a yi shiru, ga shirun ya samu, ya rasa inda zai kai shi.

Ƙofar kabad ce ta fara kawo shi wurinmu. Tun daga titi yake jin dariya, ana tsokanar Guntu. Yana sa ƙafa aka yi tsit. Mai Fenti, mutum mai jikoki, ya ɓoye sigari a bayansa har ta ƙona masa yatsa. Washegari Hedimasta ya kawo tebur mai lafiya ƙalau wai a duba. Daga nan ya daina wahalar da kayan gidansa, ya ce a ba shi takardar goge katako ya taya mu aiki.

Mu kuma, don girmamawa, muka haɗa masa kujera. Katako mai kyau, kushin mai laushi, wurin ɗora hannu, muka ajiye ta ƙarƙashin fanka, can nesa da benci. Ya yi godiya ya zauna.

Daga kan kujerar nan ya ga abin da mu ba mu gani ba. Idan ya zagaya bayan shago, hira ta dawo. Ya shigo, ta ɗauke kamar wutar lantarki. Kowa yana da sunan tsiya, shi kuwa “Malam, ranka ya daɗe.” Muna karɓa-karɓa da kofuna biyu masu tabo, shi an sayo masa nasa har da faranti. A gida shi kaɗai ne a ɗaki. A nan shi kaɗai ne a cikin mutane, kuma wannan ta fi ci masa rai.

Ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ba da labarin ban dariya, muka fara dariya tare muka tsaya tare, kamar ya ɗaga sanda. Ya zo ya zauna a benci, duk muka miƙe tsaye muna murmushi har ya gaji ya koma. Ya sassauta ƙafar kujerarsa a ɓoye, kafintoci biyar suka rufar mata, kafin shayinsa ya huce ta fi da ƙarfi. Ya bai wa wata mai juna biyu da ta zo sayen gadon jariri kujerar kyauta, muka yi masa wata har da wurin miƙe ƙafa.

Ana cikin haka babbar 'yarsa ta matsa masa lallai sai ya rufe gida ya koma wurinta, ta riga ta gyara masa ɗaki. Ya san ɗakin: gado mai kyau, talabijin, kowa ya fita aiki ya bar shi. A wurinsa ɗakin nan wata kujerar ce kawai, mai ƙofa. Ya ce ta ɗan ba shi lokaci. Kamar yadda ya gaya mini daga baya, ya yanke cewa zai gwada abu ɗaya, idan bai yi ba ya haɗa akwati.

Shi ne ya lallaɓo ya zauna a ɗaya bakin bencin ina tsakiyar zuba, ban ma lura ba, sannan ya miƙe.

Shago ya yi shiru. Hedimasta yana tsaye, ya ɓoye hannuwa a baya. Sai Guntu ya saki wani sauti ta hanci, Mai Fenti ya kama ciki, Maigida ya jingina da ƙofar da wani ya ba mu aiki yana hawayen dariya. “Rediyo ya faɗo daga kan tebur!” in ji Guntu. “A kai shi gyara!”

Amma doka ba ta cika ba. Wanda ya kayar, sai an rama. Washegari Hedimasta ya wuce kujerarsa ko kallo, ya zauna a bakin benci, ya ɗora hannu a gwiwa yana jira. Har aka tashi babu wanda ya kusanci ɗaya bakin. Ya tafi gida a hankali, bai yi wa kowa sai gobe ba.

“Tsohon nan zai tafi fa,” in ji Mai Fenti.

“Idan ƙugunsa ya karye, kai za ka yi wa 'yarsa bayani?” in ji Maigida.

“Ni ya zubar wa shayi,” na ce. “Bashina ne.”

Da safe muka share garin katakon shagon kaf, muka tara shi a gefen da yake zama, muka yi kamar iska ce ta kawo. Ya zo ya zauna. Na zauna. Na soma labari, na kai tsakiya, na miƙe.

Hedimasta ya tafi, ƙafafu sama, takalmi mai sheƙi yana kallon rufi. Ya taso fari fat tun daga gira har agogo.

“Kai, ku ga Alli!” in ji Guntu, sannan ya toshe bakinsa. Amma suna ya riga ya fita, kuma mai sunan yana zaune a ƙasa yana dariya har da tari. Mai Fenti ya miƙa masa kofi mai tabo, ya karɓa ya kurɓa.

Na ba shi hannu, bakina ya dawo aiki. “To, Alli, yaya ƙasar? Ko a kira 'yarka ta zo da mota?”

Ya kaɗe riga, ya dubi tarin garin katakon, ya dube ni sama da ƙasa.

“Kai tun kana aji uku ba ka taɓa yin aiki ba tare da satar amsa ba. Ko kayar da tsoho sai ka shimfiɗa masa katifa? Ɗauki tsintsiya ka share wurin nan. Gobe za ka sake.”