Lungun da na goge a takarda

Shekarata goma sha tara a lokacin, kuma gani nake a duk unguwarmu ta Misfala a Makka babu macen da ta kai ni sani. Na yi makarantar 'yan mata a Sudan kafin mu ƙetaro Makka, na iya lissafi, na iya jan layi. Babana magini ne, mu'allim ake ce masa, amma farar ƙasa ta ci masa ido, zane ba ya ganuwa gare shi sai dishi-dishi. Don haka shi ke faɗa, ni ke zanawa, ba wanda ya sani sai Inna.

Wani attajiri ya sayi fili a Jidda, a bakin teku, cikin unguwar da gidaje suka matsi juna har maƙwabci na jin tarin maƙwabcinsa. Gida yake so hawa uku, kowane ɗaki yana kallon ruwa. Baba ya je ya auna da igiya, ya dawo ya zauna kan tabarma yana ba ni kamu-kamu. Ya ce ta arewa in bar lungu, faɗin da jaki zai wuce da kayansa. Na tambayi dalili, ya ce haka ya tarar da wurin, magini kuma ba ya gardama da abin da ya tarar. Ni kuwa asara na gani. Na goge lungun, na sa ɗakin baƙi mai manyan tagogi a gurbinsa. Baba ya shafa takardar, ya tambaye ni ko na bar shi. Na ce na bari. Wallahi so nake mai gidan ya yaba, a ce aikin mu'allim ya fi na kowa.

Wani aiki ya riƙe Baba a Makka, abokin aikinsa ya tafi da takardar ya haƙa tushe. Kafin Baba ya koma bango ya wuce tsayin mutum. Da ya ga babu lungun, ya ɗauka shi ya manta bai faɗa mini ba. Ya roƙi mai gidan a buɗe hanyar, shi kuwa ya riga ya ƙwallafa rai a ɗakin, ya ƙi. Ina ganin Baba yana juya abinci ba ya ci, na yi shiru. Wannan shirun ya fi gogewar ci mini rai.

Ashe lungun hanyar ruwa ce. Ni da nake zaune a Misfala, inda ruwan duwatsu ke gangarowa ya shiga mana har ɗaki, ni ya kamata in fara ganewa. Ranar da aka yi ruwan sama da hantsi, ruwan unguwar ya nufi teku, ya tarar da bangona, ya juya cikin gidajen mutane. Baba yana Jidda ranar, ya shiga da diga, ruwa har ƙirji, ya fasa bangon. Ruwa ya wuce, duwatsu suka faɗo masa a ƙafa. A bayan mota aka kawo mana shi.

Ina durƙushe gabansa na faɗi gaskiya. Ya saurare ni har na gama. Can ya ce alhamdulillahi, dama yana tsoron ko hankalinsa ne ya bi idonsa, ashe 'yar boko ce ta yi masa gyara. Sai ya ce kuka ba ya gina bango, in shirya Inna ta raka ni in ga filin da idona.

A can wata tsohuwa da ruwan ya lalata wa katifu ta kama hannuna, ta nuna mini shaidarsa a bangonta, daidai kafaɗata. Ta zaga da ni lungu-lungu tana nuna mini inda yake bi tun tana amarya. Ta ce 'yata, ruwa bai yi makaranta ba, ba ya karanta takarda. Na nemi gafararta, ta ce in fara gyarawa tukuna.

Na sake zanen a tsakar gidanta. Na mayar da lungun, na ɗora ginin baka a kansa don ruwa ya bi ta ƙasa, ɗakin baƙin ya hau sama. Mai gidan ya samu tekunsa, unguwa ta samu hanyarta. Baba yana takawa yanzu da sanda, kuma duk layin da na ja sai na ɗora yatsansa a kai na faɗa masa abin da ke wurin.

Har yau in hadari ya haɗo kan duwatsun Makka sai bangon nan ya faɗo mini a rai. Amma na koyi cewa gida ba na mai shi kaɗai ba ne, maƙwabta ma suna da rabo a cikinsa. 'Yan'uwana da Allah ya ba ilimi, in kun tarar magabata sun bar wuri fili, kada ku yi saurin cikewa. Ku je ku tsaya a wurin, ku tambayi wanda ya riga ku zama. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa tun bango bai tashi ba.