Sukarin da Kaka Ta Ƙona

Har yau, in na ji ƙaurin sukari a kan wuta, sai in tuna tsakar gidanmu na unguwar Mafoni, a shekarar da ƙauyuka suka watse jama'a suka kwararo Maiduguri.

Cikin waɗanda suka sauka gidanmu akwai goggona, ƙanwar babana. Da ƙafa ta iso, babu mijinta, babu ɗanta na fari, kuma ba ta magana. Wata uku tana zaune gindin darbejiya. In an miƙa mata abinci ta ci, in an kira ta ba ta waiwaya. Baffana ya ce taɓin hankali ne, a kai ta wurin wani mai magani da ke sa wa marasa lafiya mari a ƙafa.

Kaka, mahaifiyarsu, ta ce, "Ka ba ni zuwa ruwan farko."

"Iya, me za ki yi mata wanda ba a yi ba?"

"Turare zan haɗa."

Turaren wuta sana'ar Kaka ce, kuma ba a taɓa jin ta ƙona tukunya ba. A hannunta goggo ta koya, har ana cewa ta fi ta. Kaka ta kai murhu kusa da darbejiyar, ta zuba sukari, ta ajiye itacen turare a gefe, sannan ta juya baya tana hira da maƙwabciya. Sukari ya yi baƙi ƙirin. Washegari ma haka. Na tashi zan sauke tukunyar, Kaka ta riƙe mini zane ba tare da ta dube ni ba.

A kwana na tara, ga hadari ya fara haɗuwa, goggo ta buɗe baki da Kanuri, muryarta a dishe: "Iya, rage wutar."

Kaka ba ta yi guɗa ba, ba ta kira kowa ba. Ta ce, "Hannuna ya tsufa. Zo ki karɓa."

Daga nan matan da suka yi gudun hijira suka riƙa zuwa gidanmu haɗa turare duk Alhamis. Ido na kan tukunya, baki na faɗin abin da ya gani. Wadda hawaye ya zubo wa, sai Kaka ta ce, "Hayaƙin nan da yaji yake," a bar ta ta yi kukanta. Baffa bai sake tayar da zancen mari ba.

Yanzu akwai cibiyoyi a unguwanni, da ma'aikatan da aka horar kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Na ga aikinsu, yana da kyau: a zauna tare, a ba hannu abin yi, kada a tilasta wa kowa magana. Sai in yi ta mamakin inda tsohuwar da ba ta shiga aji ba ta samo wannan.

Kaka ta rasu, goggo ce ke riƙe da murhun. Watan jiya na je gaishe ta, na tarar da wata baƙuwa a gindin darbejiya, ba ta amsa sallamata ba. Goggo ta juya wa tukunya baya tana tambayata mutanen gida. Na ji ƙauri ya tashi. Ban motsa ba.