Bambar da Baba Yake Zama a Kanta

Shekarun baya, lokacin ban yi aure ba kuma ina ganin duk Fagge babu wayayye kamata, mahaifina yana da wata tsohuwar mota ja mai ƙofa biyu. Irin motocin gudun nan ne na da, gajeriya, kujera biyu kacal, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Ya saye ta a hannun wani ɗan Labanan da suka yi maƙwabtakar shago a Kwari tun kafin a haife ni. A lokacin da nake ba ku labari Baba ya daina tuƙi saboda yanar ido, sai dai ranar Juma'a ya miƙo mini mukulli in kai shi masallaci in dawo da shi, ya karɓe abinsa ya jefa a aljihu.

Amma motar tana da wani aiki da take yi masa kullum. A ƙofar gida take kwana, kuma bambarta ta baya ƙarfe ce mai faɗi, ta turo waje kamar benci. A kanta Baba yake zama ya yi alwala. Ya fito da butarsa, ya juya baya, ya saki jikinsa a kanta ba tare da ya duba ba, ya jingina da but ɗin motar. Duk layinmu an san wurin zamansa ne, ko yara ba sa hawa.

Sai aka yi mana rasuwa a Maiduguri, don asalinmu can ne, Baba ya tafi ta'aziyya zai yi mako guda. Ya bar mukullin a wurin mahaifiyata. A makon ne kuma ake bikin ƙanen abokina. Ni kuwa uban 'yan son a sani, na dinga yi wa Inna naci har ta gaji.

Ta ce, "Ni ban ba ka ba. Ga inda yake, in ka ɗauka kai ka sani."

Na ɗauka. Wallahi ranar na sha kallo, har kaina ya yi girman da ba ya shiga hula. A hanyar dawowa muka bi ta kasuwar Singa, aka cushe, na ce bari in ja da baya in nuna wa abokina gwaninta. Ban ga motar kayan da ke tsaye a bayana ba. Ƙarar da na ji har cikin haƙorana. Da na fito na tarar bambar ta lanƙwashe ta shige ciki, farin da ke jikinta ya ɓare, ƙarafan da suka riƙe ta sun murɗe. Jikin motar kuwa ko ƙwarzane babu, bambar ta shanye dukan ita kaɗai.

Saura kwana huɗu Baba ya dawo. Baba ba mai duka ba ne, ba ma ya ɗaga murya. Abin da nake tsoro shi ne kallon da zai yi mini ya ce, "Ashe haka ne," ya yi shiru. Na gwammace komai da wannan.

Washegari muka karaɗe Sabon Gari ni da abokina, shago bayan shago na masu kayan mota. Wani ya yi dariya ya ce ko a ƙasar da aka ƙera ta sai an tona. Mai gyaran bodi ya ce zai iya gasa ta ya miƙe, amma sai mako biyu, kuma ko makaho ya shafa zai san an taɓa. Nan abokina ya ce akwai mai faiba a wani lungu, yana zuba bamba sabuwa fil da wani irin zare da gam, a fesa mata ruwan azurfa, babu mai ganewa.

Mutumin dattijo ne daga kudancin Kaduna, Hausarsa ta fi tawa. Rumfarsa warin gam kamar zai fasa kai, ko'ina farin zare mai sa ƙaiƙayi. Ya zagaya motar sau biyu yana shafa ta, ya ce rabonsa da ganin irinta tun yana koyon aiki. Ya kwance bambar gaba ya ɗauki zubinta, ya gyara faɗin ya dace da baya, ya dinga shimfiɗa zaren yana shafe shi da gam, layi a kan layi. Kwana biyu ta bushe, aka goge, aka fesa. Tsohuwar sai da mu biyu muka ɗaga ta muna nishi. Wannan da hannu ɗaya na ɗauke ta, har ina murna.

Wurin ɗaurawa ne muka saɓa. Ƙarafan asali sun lalace, sai ya yanko wasu falle biyu marasa kauri, ya huda faibar, ya sa robar tsohon tib ɗin taya a tsakani don kada noti ya tsaga ta. Yana ɗaurewa a hankali, yana tsayawa yana saurare. Da ya gama ya miƙe ya goge hannu.

Ya ce, "Ka bar mini ita kwana biyu. Zan sa bututun ƙarfe a cikinta, in yi walda har jikin shasi, ƙarfen gindin motar. Yadda take ɗin nan ado ce kawai."

Na ce wa dattijon, "Baba, gobe mai motar zai dawo."

"To ka gaya masa. Kada a ɗaura mata igiya, kada a tura mota ta nan, kada kowa ya jingina. Ka ji ni? Ba ta ɗaukar nauyin mutum."

Na ce na ji. Abokina ya kalle ni, don shi ma ya san inda Baba yake alwala. A hanya ya ce, "Kai, ka faɗa masa kawai, faɗa ne na yini ɗaya." Na ce ya bar ni, na san yadda zan yi.

Ga dabarar da na yi, ku ji wauta. Na sayo kujerar katako mai kyau, na ajiye ta a ƙofar gida daf da motar. Da Baba ya dawo ya huta, na ce, "Baba, ga kujera na sayo maka ta alwala, ƙarfen nan yana sa maka ciwon baya."

Ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ka shigar wa uwarka, ta fi ni buƙata."

Ya juya ya zauna a kan bambar. Na zuba mata ido. Ta ɗan yi ƙasa kaɗan, ta riƙe. Ya yi alwalarsa tsaf, ya tashi ya tafi masallaci. Ni kuwa maimakon in tsorata, sai na ce a raina ashe mai faiba cika baki ne, ai ga shi ta ɗauka.

Rana ta biyu da azahar ina tsaye a zaure na ji ta yi ƙas, ƙara 'yar ƙarama. Na ji da kunnena. Bakina ya buɗe, na ce, "Baba." Ya ɗago ya ce, "Na'am?" Sai na ce wai in kawo masa ƙarin ruwa ne. Na yi wa kaina alkawari ranar Juma'a in mun dawo daga masallaci zan san ƙaryar da zan yi in mayar da ita Sabon Gari a sa ƙarfen. Ranar Talata ce.

Ranar Alhamis da la'asar ina shago a Kwari, ina auna wa wata mata shadda, wayata ta yi ƙara. Inna ce. Ba ta yi sallama ba, ta ce, "Ka zo, Babanku ya faɗi."

Ban tambaye ta a ina ba. Na bar yadin a hannun matar na fita da gudu, na tare adaidaita.

Na tarar da shi kwance a gefen kwata, maƙwabta sun kewaye shi, sun kasa ɗaga shi saboda da an taɓa sai ya yi ƙara. Ban taɓa jin mahaifina ya yi ƙara ba sai ranar. Ashe ya ɗaga ƙafa ɗaya ne yana wankewa, duk nauyinsa ya koma gefe guda, faibar ta yage daga wurin noti, ya sauka da ƙugunsa a kan bakin siminti. Bambar tana reto da ɓari ɗaya, farin zare ya fito ta wurin da ta tsage. Wani maƙwabcinmu ya taɓa ta ya ce, "Ikon Allah, wannan ai ba ƙarfe ba ne." Baba yana cije da leɓe ya ce, "Ku bar zancen mota, ku ɗauke ni."

Ƙashin ƙugu ne ya karye. Aka fara kiran mai ɗori, ya duba ya ce wannan ba aikinsa ba ne. A asibiti aka yi aiki, aka sa ƙarfe, amma ga shekaru ga ciwon suga, wurin ya ƙi warkewa yadda ake so. Wata biyu muka yi muna jinya. Da aka sallame mu a kujerar guragu ya shiga gidansa, mutumin da kafin nan yake takawa daga Fagge zuwa Kwari da ƙafarsa.

Duk mai zuwa dubiya sai ya tambayi yadda aka yi, Baba ya ce, "Tsufa ne, zamewa na yi." Inna ba ta taɓa ce mini komai ba. Sai dai ta daina kallon idona idan tana miƙo mini abinci, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo. Abokina ya zo sau ɗaya, ya gaishe da Baba, ya fita bai tsaya mun yi magana ba.

Ni nake yi masa alwala a lokacin. In kawo roba da buta, in durƙusa in wanke masa ƙafafu. Wata safiya da hantsi ina cikin wanke ƙafar da ta rame, kawai sai na ji ba zan iya ba. Na faɗa masa komai, kaina a ƙasa. Bikin, Singa, mai faiba, gargaɗin da ya yi mini, har ƙarar da na ji ranar Talata. Ina jira ya ce ashe haka ne.

Ya ce, "Ai na sani."

Na ɗago.

"Tun ranar da na dawo. Ƙarfe in ya sha rana yana ƙona mutum ta cikin riga. Wannan na zauna na ji ta lami. Idona ne ya mutu, ba jikina ba."

Na ce, "Baba, to me ya sa ka ci gaba da zama?"

Ya gyara zama a kujerarsa. Sannan ya ce, "Na san ka taɓa motar, na ce yaro ne, in ya shirya zai faɗa. Zama kuwa, na ce tunda ɗana ne ya sa ta, kuma yana tsaye yana kallona ina zama bai hana ni ba, to za ta ɗauke ni. Ban kawo a raina za ka ga abin da zai kayar da ni ka yi shiru ba."

Babu faɗa a muryarsa. Bayani kawai yake yi mini, kamar yana faɗa mini kuɗin yadi. Na fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe duniya da lahira, ya ce in ƙarasa masa ƙafar hagu kada ruwan ya huce.

Ya yi shekara biyu da 'yan watanni bayan nan. Bai sake taka ƙafarsa zuwa masallaci ba, sallarsa duk a zaune, daga baya a kwance. Likita ya ce zaman wuri ɗaya ne ya jawo sauran cututtukan da suka tafi da shi. 'Yan uwa suna cewa kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, babu mai wuce lokacinsa. Amma na san abin da na yi. Motar kuwa bayan rasuwarsa Inna ta ce a fitar mata da ita daga ƙofar gida, aka ba wani ƙanensa, ban tambayi inda ta ƙare ba.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan faiba, ina cewa kayan zamani ba su da amana. Ƙarya nake yi wa kaina. Mutumin da ya zuba ta ya faɗa mini gaskiyarta tun ba ta bar rumfarsa ba. Buga motar ma ba wani abu ba ne, samari nawa suka buga motar ubansu aka yi faɗa aka manta. Abin da na yi shi ne na auna kunyata ta minti biyar da lafiyar mahaifina, na zaɓi kaina, kuma ba sau ɗaya ba, sau biyar a rana har kwana huɗu.

Yanzu ina da 'ya'ya, babban ya kusa shekarun da nake da su a lokacin. Mutane suna cewa na cika faɗin abu ko ba a tambaye ni ba, ko a shago in yadi yana zuba sai na faɗa wa mai saye kafin ya biya. Suna ɗauka kirki ne. Ba kirki ba ne, tsoro ne.

Baba ya yafe mini, na ji da kunnena, kuma na san bai faɗa don ya faranta mini ba. Amma har yau in na yi masa addu'a na zo wurin da zan ce Allah ya gafarta masa, sai in ji nauyin bakina. Mutumin nan bai yi kuskuren komai ba a lamarin nan sai guda ɗaya, ya yarda da ni.