Takalmin da Suka Bar Maka, Yaya

Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, aka kawo mana gawarka a bayan motar itace. Na Allah muke, Yaya, kuma wurinSa za mu koma.

Ni ce autarku da ka riƙa tun rasuwar Baba. Karatuna bai yi nisa ba, amma ba zan iya yin shiru ba. Shekara da shekaru kana wanki da guga a sansanin sojojin ƙasar waje da ke bayan gari, har sabulu ya cinye maka tafin hannu. Da wannan hannun ka saya mini keken ɗinki, ka ce, "Auta, riƙe sana'a. Mutanen nan baƙi ne, wata rana za su naɗe kayansu."

Suka naɗe kuwa. Jiragensu na tashi, 'yan bindiga suka tare hanya, ƙasashen maƙwabta suka rufe iyaka, ƙauyuka suka watse, mata da yara suka cika makarantar unguwarmu. Aka shiga farautar duk wanda ya taɓa yi wa baƙin aiki. Abokan aikinka suka ƙona riguna da hulunan da aka raba musu. Kai ma ka ƙona naka, ban da takalmin sojan nan da suka ba ka ranar sallama.

Na roƙe ka har da kuka ka ƙona shi. Matarka ta ɓoye shi cikin buhun gawayi, ka tono shi kana dariya: "Ku ƙyale ni, tunda aka haife ni ban taɓa sa takalmin da ƙaya ba ta huda ba."

Da shi kake ratsa daji da amalanke, kana kwaso tsofaffin da aka gudu aka bari. Ba wanda ya sa ka. Tsohuwar da ka ɗauko ranar da aka kashe ka ce ta ba mu labari. Ta ce da 'yan bindigar suka tsayar da ku, ko sunanka ba su tambaya ba, ƙafarka kawai suka kalla. Ka roƙe su su bari ka tura ta inuwa tukuna. Ka tura ta, ka gyara mata zama, ka koma wurinsu.

Ƙafa tsirara aka kawo mana kai, Yaya.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya sa ka a inuwar da ta fi wadda ka kai baiwar Allah nan. Ina yi wa Inna ta'aziyya, da matarka, da 'ya'yanka. Kekena na nan. In Allah Ya yarda ba za su tagayyara ba.