Idon Kaltuma a Allon Lawwali

Da an idar da sallar asuba, Lawwali mai zane zai ɗaga ƙofar rumfarsa a bakin tashar Matameye, ya jiƙa buroshi, ya fara dama fenti. Allon masu aski da na teloli duk aikin hannunsa ne. Yanzu ido ya ƙi, bana zai rufe rumfar, ga shi babu wanda ya koya.

Da allo ɗaya nake so a tuna shi. Kaltuma mai tuwo ta rasa ɗanta na fari, Fahad, a hanyar Aljeriya, ko gawa ba ta gani ba. Ɗan fari kuwa uwa ba ta kiran sunansa, balle ta yi masa kuka a bainar jama'a. Ta ci gaba da tuƙa tuwo, gari yana ta yabon haƙurinta. Haƙuri fa!

Mijinta Zakariya ya sa a zana ta a allon rumfar abinci, tana murmushi. A zanen, Lawwali ya ba ta murmushin, ya ɗaura mata kallabi daidai. Idanun ne ya zana yadda ya gan su.

Da aka kafa allon, wata ta ce kunya ce a idanun, wani ya ce gajiya. Zakariya ya cire shi ya mayar wa Lawwali.

"Lawwali, wa zai ci tuwo wannan idon yana kallonsa? Za a ce ba ta yarda da ƙaddara ba. Gyara."

Kafin ya gyara, sai ga Kaltuma ta zo da kanta. Ta daɗe tsaye gaban allon.

"Malam, wa ya gaya maka?"

"Babu kowa, Yaya."

Sai ta durƙusa ta kira sunan Fahad, ta sake kira. Lawwali ya fita, ya ja ƙofa, ya zauna a rana har ta gama. Washegari ya shafe idanun ya zana masu dariya, don da mijinta za ta zauna, ba da allo ba. Har yau mai dariyar ce a rataye, kuma har yau ana yabon haƙurin Kaltuma. Abin yana ci mini rai.

Lawwali, kai ne ka dube ta a garin da kowa ya ga tuwonta kawai. Mun gode, Allah Ya saka maka. Mu da idonmu ke da sauran gani, mu riƙa duban fuskar mai zuba mana abinci kafin mu yabi haƙurinta.