Ruwan Rijiyar Masallaci a Ɗakin Gwaji

Cikin dukan kwanakin da na yi a aikin gwamnati, ban taɓa mantawa da wata Talata ta ƙarshen bazara ba, shekara biyu kafin in ajiye aiki. A lokacin ina babban mataimaki a ɗakin gwajin sinadarai na wata makarantar gaba da sakandare a nan Azare. Aikina wanke kwalabe, auna gari, da dafa abin da aka ce in dafa.

Shugabata ita ce Dakta Hauwa, wadda a haife na haife ta. Bincikenta a kan ƙashi yake. Akan busar da ganye a inuwa, a daka, a dafa, a tace, sannan a ɗiga ruwansa cikin narkakken sinadarin azurfa. Idan aiki ya yi kyau, haɗin yakan juya ya yi launin zuma, alamar cewa ganyen ya mayar da azurfar wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani. Su ake aikawa wani ɗakin gwaji a Kano, a zuba wa ƙwayoyin halittar ƙashi, a duba ko za su ƙara kuzarin yaɗuwa.

Ganyen kuwa na Malam Buba ne, wani dattijo Bafillace daga wajen Gadau, wanda ya gaji sana'ar ɗori daga kakanninsa. Sai da Dakta ta yi sawu uku kafin ya yarda ya nuna mata shi, bisa sharaɗin zai zo ya ga abin da za a yi da idonsa.

Ƙa'ida ita ce ba a dafa ganyen sai da tataccen ruwa, wanda inji ke tarawa daga tururi. Amma kwana uku babu wuta, ran Litinin na tarar jarkar tataccen ruwan ta ƙare. Sai na zauna na yi ijtihadi. A zauren malamaina na karanta cewa ruwa na nan a kan tsarkinsa muddin launinsa, ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai sauya ba. Na ɗebo na rijiyar masallacinmu, na duba, na sansana, na kurɓa. Garau. Na dafa ganye da shi, raina kwance.

Ran Talata Malam Buba ya iso da sandarsa da farar riga. Dakta ta ɗiga ruwan ganyen a gabansa. Maimakon launin zuma, sai kwalba ta yi fari tas. Ta sake, haka. Cikin ladabi ta tambaye shi ko ya cuɗa garin da kanwa ko toka, ko kuwa wani ganye ya kawo ya ɓoye na ainihi. Dattijon ya jawo takalmansa. Ya ce tun da yake ɗori ba a taɓa tuhumarsa da algus ba, kuma ba zai sake kawo ko tsinke ba.

Na san idan ya fita ƙofar nan, binciken ya tafi tare da shi, da mutuncinsa a zube. Na kuma san gemuna zai sha kunya. Na yi gyaran murya.

"Dakta, laifin ba na baƙo ba ne. Da ruwan rijiya na dafa."

"Baba Malam, ruwan rijiya?"

Na karanto mata hujjata, sharaɗi uku, ɗaya bayan ɗaya. Ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya. Da ta natsu, ta bayyana mini cewa akwai ɗan gishiri a ruwan rijiya wanda harshe ba ya ji, shi ke kama azurfar ya mayar da ita fara tun ganye bai taɓa ta ba. Daga nan ta durƙusa ta nemi gafarar Malam Buba.

Shi kuwa ya dubi tsagar fuskata, ya ajiye takalma. "Ashe Babarbare kuka ba tukunya? Ai da kin faɗa mini, 'yata, da ban yi fushi ba. An kawo mu ganin magani, ya dama mana nono, shi ma tsinkakke."

Na ce ko ba komai na girmama baƙo da abincin gidansu.

Muka aro tataccen ruwa daga wani sashe mai janareto, na sake dahuwa yana zaune yana sa mini ido. Bayan la'asar kwalba ta fara rinewa, har ta yi launin zuma. Ya ɗaga ta a hasken taga ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mako mai zuwa zai kawo saiwar ma.

Abin da Kano ta gano game da ƙashi, Dakta ce ke da hurumin faɗa, ba ni ba. Nawa darasin shi ne: hukuncin da na karanta daidai ne, amma a babin alwala. Kowane ilimi da ma'auninsa, kuma wanda aka saba tambaya shi ya fi saurin mantawa da yin tambaya. Ku da kuke bakin aiki yanzu, idan jarka ta ƙare, ku je ku faɗa.